Da wane ma'auni kuke gwada wuƙaƙen aljihu na kamfanoni daban-daban?

Mai-Tari

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu tara wuƙaƙen aljihu. Tambaya ce ke tafe da ni, ina kuma roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan harka su ƙara min haske.

Idan mutum ya jera wuƙaƙe masu ninkewa na kamfanoni daban-daban a gabansa, da me zai auna su har ya ce wannan ta fi waccan? Ina da littafin da nake rubuta bayanin duk wuƙar da ta shigo hannuna: sunan kamfani, ƙasar da aka ƙera ta, irin ƙarfen, abin da aka yi ƙotar da shi, tsawon ruwan. Wannan duk ba ya ba ni wahala. Inda na tsaya cik shi ne shafin ƙarshe, wanda na ware don in jera su daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Har yau shafin nan fari fat yake, domin duk ma'aunin da na ɗauko sai jerin ya birkice.

Bari in faɗi abin da ke hannuna don ku san inda na dosa. Akwai Opinel lamba 8 ta Faransa, mai ƙarfen kabon da ƙotar katako, wadda ake murɗa zoben wuyanta a kulle ta. Akwai Victorinox Pioneer mai jikin alminiyam. Akwai Buck 110 da tagullarta sama da ƙasa, mai nauyin da ya sa kubenta a ɗamara ya fi mata aljihu. Akwai Case Trapper mai ruwa biyu da ƙotar ƙashi. Sai Spyderco Delica 4 mai huda a ruwanta, da Higonokami ta Japan, da Douk-Douk, wadda ita ce na fi yawan fita da ita.

Na gwada su a kan kwali mai kauri, da igiya, da fiƙe busasshen itace. A kwali, Opinel ce ke wucewa sumul ba tare da na sa ƙarfi ba, amma tana riga Delica dakushewa. Delica kuwa tana daɗewa da kaifinta ƙwarai, sai dai hannu yana jin tana turjewa idan yankan ya yi zurfi. Buck ma haka, tana shiga da kyau a farko sannan ta cije a tsakiyar kwalin, amma da na koma kan itace babu wadda ta kai ta cika hannu da ba ni natsuwa. Higonokami ce ta fi kowacce fitar da itace lafiyayye, fuskar yankan har sheƙi take yi, amma dole babban yatsana ya zauna a kan wutsiyar ruwan, in ba haka ba ta rufe. Victorinox ita ce ta fara gajiya, ita ce kuma ta fara dawowa da na kai ta kan dutse. Case kuwa, gaskiya, jin ƙarar rufewarta da kallon ƙashin ƙotarta sun fi yankanta ɗauke min hankali.

To ga tambayoyina. Mene ne ma'aunin da ku kuke amfani da shi? Shin sunan ƙarfen da ake bugawa a gindin ruwa yana da girman da ake ba shi? Ni dai zuciyata ta fara raya min cewa an cika zuzuta shi, tun da wadda ƙarfenta ya fi kowanne sauƙi ita ce ta fi daɗin yanka. Sannan ga mai tari, wanne ya fi: ya ɗauki ɗaya-ɗaya daga kowane kamfani kamar yadda nake yi, ko ya zauna a kan kamfani guda ya bi shi har ƙarshe?

Tsohon Kafinta

Wa alaikumus salam, Malam Mai-Tari. Shafin nan naka ka bar shi fari yadda yake, domin ba zai ciku da adalci ba. Ni da na yi shekaruna ina aikin katako, ban taɓa tambayar zarto da gizago wanne ya fi wani ba.

Wuƙaƙen da ka lissafa gida uku ne. Akwai masu sifirin a baya amma babu makulli, su ne Case da Victorinox da Douk-Douk. Akwai wadda ba ta da sifirin ba ta da makulli, matsin ƙusarta da yatsanka kaɗai ke riƙe ta, ita ce Higonokami. Opinel ma a wannan gidan aka haife ta. Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890 a yankin Savoie, zoben nan da kake murɗawa kuwa sai a 1955 ɗansa Marcel ya ƙara mata shi. Gida na uku shi ne na masu makulli, Buck da Delica, kuma ka lura makullinsu iri ɗaya ne, sandar baya ce ke faɗawa cikin tsagar gindin ruwa. Waɗannan biyun kam kana iya aza su gefe da gefe: ɗaya ta fito a 1964, ɗaya a 1990, ka ga abin da shekaru ashirin da shida suka canza a nauyi da yadda ake buɗewa.

Ni 'yan gidan farko na sani, don haka a kansu zan yi magana. Idan wuƙa mai sifirin ta zo hannuna, ba na fara duba kaifi, kaifi abu ne da nake iya sa mata da kaina. Abin da ba zan iya sa mata ba shi nake dubawa. Ina buɗe ta a hankali in ji tafiyar ruwan a kan sifirin, ko sumul take ko akwai gurzuwa. Ina sakinta ta rufe in saurari ƙarar. Wadda aka haɗa da kyau tana rufewa da ƙara guda mai tsafta, ba lis-lis ba. Ina ɗaga bayanta ga haske in ga ko haske na ratsawa tsakanin sifirin da faifan tagullar da ke gefensa. Ina shafa bayan da yatsa a buɗe da a rufe, sifirin ya kamata ya kwanta daidai da jiki, kada ya yi tudu kada ya lotsa. In ruwa biyu gare ta kamar Trapper ɗinka, ina duba ko suna gogar juna, domin za ka ga zane a jikin ruwan. Daga nan in kama tsinin in girgiza hagu da dama in ji ko yana rawa.

Da wannan ma'aunin za ka ga bambancin halin kamfanonin. Victorinox, wadda Karl Elsener ya kafa a Ibach ta ƙasar Suwizalan a 1884, ƙarfinta shi ne daidaito. Ka ɗauki Pioneer goma, za ka same su tamkar guda ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Pioneer ɗinka 'yar'uwa ce ga wuƙar da sojan Suwizalan suka riƙe daga 1961 har 2008. Case kuwa akwai hannun mutum sosai a aikinta, ga ƙashi da ƙaho da ba sa taɓa zuwa iri ɗaya, shi ya sa masu tara ta suke son su riƙa kowace a hannu kafin su zaɓa. In kana son ganin inda aka kai da wannan salon a zamanin nan, ka nemi ta Great Eastern Cutlery, waɗanda suka fara aiki a 2006 a Titusville ta jihar Pennsylvania, suna ƙera tsofaffin samfura da ƙarfen kabon mai lamba 1095, kaɗan-kaɗan a kowane zubi.

Kuma ka duba gindin ruwan Case ɗinka. In ka ga 6254, to 6 na nufin ƙotar ƙashi, 2 ruwa biyu, 54 samfurin Trapper. Daga 1970 suka fara sa ɗigo goma a ƙarƙashin tambarin, kowace shekara su cire ɗaya, ta haka ake sanin shekarar wuƙar. Sun ci gaba da irin wannan dabarar a shekarun baya da 'yan canje-canje. Wannan ya cancanci layi a littafinka.

Ɗan Injiniya

Baba Kafinta, Allah ya ƙara girma, maganar raba su gida-gida ta zauna daram. Amma Yaya Mai-Tari, ban yarda an zuzuta ƙarfe ba. Kai da bakinka ka ce Delica ta fi daɗewa da kaifi, to wannan ai aikin ƙarfe ne.

Abu uku ake nema a ƙarfen wuƙa: ya riƙe kaifi, ya jure ba tare da bakin ya ɓantare ba, ya ƙi tsatsa. Wahalar ita ce ukun nan jan juna suke yi, in ka ƙara ɗaya sai ɗaya ya ragu. Ƙarfen kabon na Opinel da Douk-Douk ba shi da kuromiyom ɗin da zai kare shi, don haka yana tsatsa, amma ƙwayoyinsa ƙanana ne, yana ɗaukar kaifi mai laushi cikin sauƙi. Ƙarfen 420HC na Buck kabon ɗinsa bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, a takarda ba wani abin a zo a gani ba ne, amma yadda suke gasa shi su sanyaya shi, bisa tsarin gwanin gashin ƙarfe Paul Bos, ya sa yana kai wajen 58 a ma'aunin tauri na Rockwell. Na Victorinox yana wajen 56, da gangan suka bar shi haka don kowa ya iya wasa shi, shi ya sa ka ga ta riga kowa gajiya ta kuma riga kowa dawowa. VG-10 na Delica, wanda kamfanin Takefu na Japan ke yi, kabon ɗinsa kusan kashi 1 ne, kuromiyom kusan 15, taurinsa kusan 60. Ka ga jerin da ka samu a kwali ba haka kawai ya zo ba.

Kuma duk cikin tarinka babu ƙarfen gari, wato wanda ake narkawa a fesa shi ya zama gari sannan a matse shi, don ƙwayoyin masu tauri su bazu daidai ko'ina. Misali S30V, da kamfanin Crucible ya fitar a 2001 da haɗin gwiwar maƙerin wuƙa Chris Reeve, banadiyom ɗinsa kashi 4 ne. MagnaCut da masanin ƙarfe Larrin Thomas ya tsara, wanda ya fito a 2021, shi ne ya fi kusa da haɗa abubuwan nan uku wuri guda. Sai ka yanka kwali da ɗaya daga cikinsu kafin ka yanke hukunci a kan ƙarfe.

Abu na biyu da tarinka bai taɓo ba shi ne makullan zamani. Akwai na faifan ciki da ke zamewa ya tokare gindin ruwa, wanda maƙerin wuƙa Michael Walker ya inganta a 1980. Chris Reeve ya ɗauki wannan tunani ya sa jikin ƙotar taitaniyom kansa ya zama makullin, shi ne a wuƙarsa mai suna Sebenza. Kamfanin Benchmade na da makullin AXIS, ƙirar Bill McHenry da Jason Williams, 'yar sanda ce a gicciye da wasu siraran sifirin biyu ke turawa. Spyderco kuma na da nasu a wuƙarsu Paramilitary 2, wanda ake sakinsa ta bayan ƙota. Ni ma'aunina a makulli shi ne: lokacin da zan rufe ta da hannu ɗaya, yatsana yana kan hanyar ruwan ko ba ya kai? A biyun farko yana kai, sai ka janye shi. A biyun ƙarshe ba ya kai ko kaɗan. Sannan in duba a kan me ruwan ke juyawa, boris ko wosha. Boris ya fi santsi, wosha ta fi haƙuri da ƙura.

Hudar nan ta Delica ma tarihi ce. Sal Glesser, wanda ya kafa Spyderco, ya fitar da wuƙa mai suna Worker a 1981 da huda da maƙalin aljihu, daga nan ne buɗe wuƙa da hannu ɗaya ya zama ruwan dare. Ni shawarata ka ci gaba da ɗaya-ɗaya daga kowane kamfani, amma ka riƙa zaɓar wadda ta kawo sabon abu.

'Yar Maƙera

Sannunku da ƙoƙari. Malam Mai-Tari, kai da Ɗan Injiniya duk kuna da gaskiya, abu biyu ne kuka haɗe wuri ɗaya. Daɗewar kaifi daban, sauƙin wucewa cikin abin da ake yanka daban. Na farkon ƙarfe ne da gashinsa. Na biyun kuwa siffar ruwa ce, ƙarfe ba shi da ta cewa sosai a ciki.

Ka sami ma'aunin kauri irin na masu aikin ƙarfe ka auna wuri biyu a kowace wuƙa: bayan ruwan, da daidai inda bakin da aka wasa ya ƙare. Bayan Opinel lamba 8 bai kai milimita 2 ba, kuma an ɗebe shi tun daga sama yana sirancewa da ɗan tudu kaɗan har baki. Delica milimita 2.5 ce. Buck 110 kusan 3, kuma an rarake gefenta ne ya yi kwari, sirara ƙwarai a baki sannan ta yi kauri farat ɗaya. Irin wannan ɗiba don mafarauci aka yi ta, tana da kyau a yankan da ba shi da zurfi kamar fiɗa, amma a kwali da zarar kafaɗar ta iso sai ta cije. Abin da hannunka ya ji ke nan.

Delica 4 kanta iri biyu ce a wannan fannin. Akwai wadda ɗibar ta fara daga tsakiyar ruwa, akwai wadda aka ɗebe shimfiɗe tun daga baya har baki. Ƙarfe ɗaya, kamfani ɗaya, masana'antar garin Seki ɗaya, amma in ka sa su a kwali za ka rantse ba dangi ba ne. Wacce ce taka? Daga yadda ka ce tana turjewa, ina zaton ta farkon ce.

Sannan gwajinka zai fi adalci in ka daidaita bakunansu tukuna. Kowane kamfani da kusurwar da yake fito da wuƙarsa, wata ma ba daidai take a gefe biyu ba. Ka wasa su duka a dutse ɗaya, a kusurwa ɗaya, ko digiri 15 ko 20 a kowane gefe, muddin dai ɗaya ce ga kowa. Ka shafa tawadar alƙalamin maka a bakin kafin ka fara, inda tawadar ta goge nan dutsen yake ci. Kada ka juya gefe sai ka ji 'yar siririyar wayar ƙarfe ta taso a ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, sannan ka cire ta a kan fata. Ka yi amfani da kwali iri ɗaya, domin kwali na ɗauke da ƙasa-ƙasa da ke cin baki, kuma wani ya fi wani. Bayan kowane 'yan yanka ka gwada a siririyar takarda; inda ta fara yagewa maimakon yankuwa, nan ka tsaya ka rubuta.

Higonokami kaɗai zan cire daga wannan doka. Faffaɗan gefenta ake kwantarwa a kan dutse gaba ɗaya, haka aka yi ta. Masu kyau daga cikinsu ƙarfe uku ne a haɗe, mai tauri a tsakiya, mai laushi a gefe biyu, za ka ga layin haɗin kusa da baki. Shi ya sa take fiƙe itace haka. A garin Miki ake yin ta, kuma gidan Nagao Kanekoma ne kaɗai ya rage da ke da ikon buga wannan sunan.

Gargaɗi ɗaya: duk wannan ga wuƙaƙen da kake aiki da su ne. In tsohuwa ce da ba a taɓa kai ta dutse ba, kada ka taɓa bakinta. Wannan bakin na masana'anta sau ɗaya ake samunsa.

Mai-Tari

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, zatonki daidai ne, Delica ɗina mai ɗiba daga tsakiya ce. Na bi tsarinki, na wasa su a digiri 20 ban da Higonokami, na yanka kwali daga kwali ɗaya. Opinel na nan a gaba wajen sauƙin wucewa, Douk-Douk na biye da ita kusa-kusa, Delica kuma ta bar su duka a baya wajen daɗewa. Buck ta matso sosai bayan wasawar, ta riƙe kaifi fiye da yadda na zata daga 420HC. Don haka Ɗan Injiniya, na karɓi maganarka a kan gashin ƙarfe. Yanzu na ƙara layi biyu a littafin, kaurin baya da kaurin bayan baki, na kuma raba shafin ƙarshe gida uku kamar yadda Baba ya ce.

Inda ban bi ka ba shi ne cewa sai wadda ta kawo sabon abu zan riƙa nema. Ina girmama Sebenza da AXIS, kuma ina fatan wata rana in riƙe su. Amma abin da ke motsa zuciyata a wuƙa shi ne in ga maƙeri ya cimma buƙata da abu kaɗan. Douk-Douk guda shida ce kacal: ruwa, faifan ƙarfe da aka ninke ya zama ƙota, sifirin, ƙusa biyu, da zoben rataya. Tun 1929 gidan Cognet ke yin ta a garin Thiers, ba su ga dalilin canza ta ba. Don tsibiran Melanesiya aka fara yin ta, hoton da ke jikinta ma daga can aka samo shi, amma a Arewacin Afirka ta samu karɓuwa, har aka yi mata wata 'yar'uwa mai suna El Baraka da tambarin Agadas a ƙotarta. Sifirinta mai ƙarfi ne, ba ta rufewa da wasa. Kaurinta a aljihu bai fi na 'yan takardu ba, har mantawa kake tana nan. In ƙusar ta saki, guduma kaɗan ta ishe ta. Ni duk lokacin da na buɗe ta sai in ji daɗin cewa babu ko abu ɗaya a jikinta da za a cire ta ci gaba da zama wuƙa.

Baba Kafinta, saura tambayata ta uku ba ka taɓa ta ba, ta faɗi ko zurfi, wato ɗaya-ɗaya daga kowane kamfani ko bin kamfani guda. Ga kuma wasu biyu. An nuna min wata mai suna Laguiole da ƙudan zuma a bayanta, ban ga sunan kamfani a jikinta ba, shin ta gaske ce? Sannan yaya kake ajiye naka, musamman masu ƙarfen kabon?

Tsohon Kafinta

Laguiole ba kamfani ba ne, Malam. Sunan ƙauye ne a yankin Aveyron na Faransa, kuma sunan salon wuƙa. Maƙera da yawa na yin ta, wasu a ƙauyen, da yawa a Thiers, wasu ma a ƙasashe masu nisa da Faransa. Ƙudan zuman nan ba shaida ba ne, kowa na iya sa shi. Abin da za ka nema shi ne sunan maƙerin da irin ƙarfen a jikin ruwa. Wadda ba ta da ko ɗaya, ni ba na sa ta a tari.

Ajiya kuwa, ka fitar da Buck daga kubenta na fata in za ta daɗe a ajiye, domin fata na jan laima kuma tana sa tagulla ta yi kore. Masu kabon ka goge su su bushe, ka shafa mai mara kauri kaɗan a ruwa, ɗigo ɗaya a gaɓa. Duhun da ke hawa ƙarfen kabon da amfani ka bar shi, kariya ce. Jan tsatsa shi ne abokin gaba. Masu sifirin a rufe ake ajiye su, kada ka bar su rabi a buɗe don ado, a nan ne sifirin ya fi ɗaukar nauyi, balle a ce ruwa biyu a kan sifirin ɗaya. Katakon Opinel yana kumbura da laima ya riƙe ruwan. Ka bar ta a wuri busasshe, in ta ƙi buɗuwa ka buga ƙarshen ƙotar a kan tebur, tsinin zai leƙo. In wata tsohuwa mai ƙotar seluloyid ta shigo hannunka, ka ware ta ita kaɗai, domin idan ya fara lalacewa yana fitar da iskar da ke cin ƙarfen duk wuƙar da ke kusa. Kwalayensu da takardunsu ma ka adana. Ka kuma duba gefen lambar 110 a gindin Buck ɗinka, daga 1986 suke sa 'yar alama da ke nuna shekara.

Batun faɗi ko zurfi, ni ba ɗaya daga cikin biyun nake yi ba. Samfuri ɗaya nake kamawa in bi shi a hannun kamfanoni da yawa. Ina da Trapper ta Case, da ta Great Eastern, da ta Böker ta Solingen. Da yake siffarsu ɗaya ce, duk bambancin da na gani na maƙerin ne: yadda ya goge sifirin, yadda ya haɗa ƙashi da ƙarfen kai, ƙarfin jan ruwa a farce. Wani na bin wuƙar sojan Suwizalan haka, ya aza ta Victorinox kusa da ta Wenger, tun da su biyun ne suka riƙa yi wa rundunar kafin Victorinox ta saye Wenger a 2005.

Kai ma ka riga ka fara naka layin, daga yadda ka yi maganar Douk-Douk. Ita da Higonokami duk faifan ƙarfe ne aka ninke ya zama ƙota, ɗaya daga Faransa ɗaya daga Japan. Ta ukunsu ita ce Mercator K55K ta Jamus, mai hoton kyanwa a jikinta, wadda asalinta ya koma 1867 a Solingen, yanzu Otter-Messer ke yin ta. Ita tana da makullin baya. In ka same ta, ka nemi mai ƙarfen kabon don ta yi daidai da sauran biyun, sai ka auna ukun da ma'aunin Hajiya ka zo ka faɗa mana abin da ka gani.